Tambaya da Amsa: Shimfiɗa sinadaran kabon da leza ba tare da an ƙona su ba

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun taru a kan aiki guda: amfani da lezar altarabayolet wajen yin siririn shimfiɗi na sinadaran oganik, wato folima (sinadarai masu doguwar sarƙa, irin na roba), furotin, rini da danginsu waɗanda ƙashin bayansu kabon ne. Kaurin da ake nema yakan kama daga nanomita 10 zuwa 'yan ɗaruruwa. Silin gashi ɗaya ya ninka shimfiɗi mai nanomita 100 sau 500 zuwa 1,000. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya, daga wata ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum. Muna da lezar KrF mai zangon nanomita 248 da muke shimfiɗa oksayid da ita. Na matse garin folimar PMMA ya zama ƙwaya, na sa shi a tukunyar da ake zuƙe wa iska, na buga da jul 2 a kan kowane murabba'in santimita kamar yadda muka saba. Abin da ya fito rawaya ne mai danƙo, kuma wani sashe ya ƙi narkewa a asiton. A ina na kuskure?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kuskuren yana wajen ɗauko ma'aunin oksayid a ɗora wa folima. Ɗauki biro mu yi ɗan lissafi. Idan kika raba 1240 da tsawon zangon haske a nanomita, za ki sami ƙarfin foton ɗaya, wato ƙwayar haske ɗaya, a ma'aunin eV. Lezarki mai 248 tana ba da 5.0. ArF mai 193 tana ba da 6.4, XeCl mai 308 tana ba da 4.0, Nd:YAG kuma tana ba da kusan 4.7 a 266 da 3.5 a 355. To ɗaurin da ke tsakanin kabon da kabon a sarƙar folima kusan 3.6 ne, na kabon da haidirojin kuma kusan 4.3. Kin ga foton ɗaya tak ya isa ya tsinke sarƙa. Ga kuma zafi: duk ƙarfin bugun yana sauka ne cikin nanosakan 20 zuwa 30, kafin zafin ya sami hanyar bazuwa.

Oksayid bai damu da wannan ba. A wargaza shi zuwa atom-atom, zai sake ginuwa a kan faranti mai zafi. Abin da ya sa hanyar ta yi suna ke nan tun 1987, lokacin da masu bincike a Bellcore ta Amurka suka shimfiɗa oksayid ɗin YBCO da ita. Folima kuwa darajarta tana cikin tsawon sarƙarta da tsarinta, kuma in ta tsinke ba ta komawa yadda take. Tun 1982 Srinivasan na kamfanin IBM ya nuna cewa haske mai 193 yana sassaƙe folima tsaf-tsaf, kuma wannan ɗabi'ar ce daga baya aka kai ta aikin gyaran ido. Wuƙa ce mai kyau wajen yanka, shi ya sa ɗaukar kaya lafiya yake yi mata wuya.

Shimfiɗinki ya riga ya ba ki labarin abin da ya same shi. Rawayar tana nuna an fizge rassan esta daga gefen sarƙa, ɗauri mai ninki biyu ya maye gurbinsu. Danƙon gajerun sarƙoƙi ne. Sashen da ya ƙi narkewa kuma gutsattsarin da suka sarƙe da juna ne suka zama raga. Ƙari a kan haka, PMMA ba ya shan haske mai 248 sosai, don haka hasken yana nutsewa can ciki, ya narkar da wuri mai kauri, ya watso shi ɗigo-ɗigo.

Akwai folimar da ke jure bugu kai tsaye. PTFE, wanda aka fi sani da Teflon, yana warwarewa zuwa ƙananan tubalansa, su sake haɗuwa a kan faranti mai zafi. Graciela Blanchet da abokan aikinta a DuPont sun nuna haka a 1993. Idan dole sai kin bi wannan hanya da PMMA, sauko da ƙarfin zuwa ɗan sama da inda feshi ke fara bayyana, kuma ki sa a ranki nauyin sarƙar zai ragu. Shawararmu dai ki karanta amsa ta gaba.

Tambaya, daga wani injiniya mai kula da ɗakin gwaji: Muna so mu mayar da tukunyarmu ta yi aikin MAPLE, wato shimfiɗawa daga daskararren ruwan narkarwa. Ku ba mu matakan dalla-dalla da kayan da za mu ƙara.

Amsa: Injiniya, dabarar ta fito ne daga ɗakin binciken rundunar ruwan Amurka da ke Washington a ƙarshen shekarun 1990, a hannun McGill, Chrisey da Piqué, lokacin da suke neman shimfiɗa folimar da ke sansano sinadarai a kan ƙananan na'urori. Hikimar mai sauƙin faɗi ce: a narkar da sinadarin kaɗan cikin ruwan narkarwa mai yawa, a daskarar da su, a bar leza ta bugi ƙanƙarar. Tunda kusan kashi 99 cikin ɗari na ƙanƙarar ruwan narkarwa ne, shi ne zai sha dukan. Ya tashi, ya ɗauki sinadarin ya kai faranti, famfo kuma ya zuƙe tururinsa.

Kayan da za ku ƙara: kofin tagulla mai faɗin santimita 2 zuwa 3 da zurfin milimita 5, wanda zai zauna a kan mazaunin da ruwan naitirojin ke ratsawa kuma yana iya juyawa, ma'aunin zafi manne da kofin, marfi tsakanin kofin da faranti wanda ake buɗewa daga waje, tarkon sanyi a gaban famfo, da abin rage ƙarfin haske, domin yawancin lezar eksima, irin su KrF da ArF, ba ta bugu daidai idan aka sauke wutarta ƙasa sosai. Taga da gilashin tattara haske su zama na kwaz ɗin da aka yi don altarabayolet. Gilashi na yau da kullum zai shanye hasken.

Sai haɗi. A fara da kashi 1 cikin ɗari ta nauyi. A kula da kalmar "ta nauyi": mililita 10 na toluwin giram 8.7 ne, don haka miligiram 87 na folima ake so, amma mililita 10 na kulorofom kusan giram 15 ne, yana neman kusan miligiram 150. Mutane da yawa suna auna miligiram 100 ga kowane ruwa, sannan su yi mamakin bambancin sakamako. A juya haɗin na 'yan sa'o'i har ya yi garau, a tace da matata mai ramin maikuromita 0.45, a busa masa busasshen naitirojin na 'yan mintuna don korar iskar da ta narke ciki. Iskar da aka bari tana zama kumfa a cikin ƙanƙara, kumfa kuma ita ce ke fashewa ta watso ɓarɓashi.

Faranti, ko na silikon ne ko na kwaz, a wanke shi a na'urar girgiza ruwa: asiton minti 10, aisofurofanol minti 10, tataccen ruwa, a busar da naitirojin. A ɗaura shi a tukunya tun kafin a taɓa ƙanƙara, a tazarar santimita 4 zuwa 6 daga inda kofin zai zauna.

Daskararwa ita ce inda aiki ya fi lalacewa. Kofi mai faɗin santimita 2.5 da zurfin milimita 5 yana ɗaukar kusan mililita 2.5. A zuba, a rufe bakin kofin, a tsoma gindinsa cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifiri. A yi sauri. Idan ruwan ya daskare a hankali, ƙanƙarar tana ture folimar gefe yayin da take girma, sai a sami wuri mai folima da yawa da wurin da babu komai. Leza ta bugi na farko ta ƙona, ta bugi na biyu ba ta kawo komai ba. Daga nan a kai kofin kan mazaunin da aka riga aka sanyaya cikin ƙasa da minti ɗaya, tukunyar tana cike da busasshen naitirojin. Kowane sakan a iskar ɗaki yana ƙara farin raɓa a fuskar ƙanƙarar.

A rufe, a kunna famfo. Kada a fara bugu sai matsin ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin dubu goma na miliba ko ƙasa da haka, ma'aunin zafi kuma ya tsaya cak nesa da inda ruwan ke narkewa. Ga toluwin, ƙasa da digiri 150 ƙarƙashin sifiri ya fi kwanciyar hankali. Da marfi a rufe, a yi bugu 500 zuwa 1,000 don share raɓar. Sannan a buɗe. Ƙarfin farawa jul 0.05 zuwa 0.3 a murabba'in santimita, bugu 10 a sakan, hasken yana sauka a karkace digiri 45.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa: saurin juyawar kofi kada ya dace da saurin bugu. Idan kofi yana zagaye ɗaya a sakan, leza kuma tana bugu 10 a sakan, wurare 10 kawai za ta yi ta tona, sauran fuskar ba a taɓa ba. A sauya saurin kaɗan, ko a sa madubi ya riƙa kai hasken daga tsakiya zuwa baki.

Ido ya kasance a kan ma'aunin matsi duk tsawon aikin. Ɗan hawa abu ne da aka saba gani. Idan ya yi tsalle ya ƙi dawowa, ƙanƙara ta fara ɗumi, a tsayar da leza. In an gama, a rufe marfi, a cika tukunya da naitirojin, a fitar da faranti tun kofin yana da sanyi. Wanda ya bar ƙanƙarar ta narke da faranti a ciki, tururin toluwin zai jiƙa shimfiɗin da ya sha wahala a kai. A ƙarshe a kwanar da farantin a tanda marar iska, a zafin da bai kai inda folimar ke laushi ba, don ragowar ruwan ya fita.

Tambaya, daga wani mai binciken sinadarai: Folimata tana narkewa sosai a kulorofom, kuma yana daskarewa da sauƙi. Amma abokin aikina ya ce in guje shi. Wane ruwa ya fi dacewa, kuma yaya zan yi da furotin?

Amsa: Malam, abokin aikinka yana da hujja. Haske mai 193 ko 248 yana tsinke ɗaurin kabon da kulorin, kulorin ɗin da ya kuɓuce kuma ba ya zama haka nan, folimar da ke kusa yake kai wa farmaki. Bubb da abokan aikinsa sun gwada folimar PEG da lezar 193 a 2002, cikin ruwa da cikin kulorofom, suka ga wanda ya fito daga kulorofom ya fi lalacewa. Ba mu ce an haramta shi ba, akwai ayyuka masu kyau da aka yi da shi a ƙarfi kaɗan. Amma duk wanda ya zaɓe shi, nauyin nuna cewa folimarsa ta tsira yana wuyansa.

Ruwan da ya dace yana cika sharuɗɗa huɗu: ya narkar da sinadarin da gaske, ya sha hasken lezar fiye da yadda sinadarin ke sha, ya zama mai saurin tashi don famfo ya kwashe shi, kuma gutsattsarinsa su zama marasa cutarwa. Da wuya a sami wanda ya cika duka. Toluwin yana shan 248 da 266 sosai saboda zoben benzin da ke jikinsa, sai dai ba ya daskarewa sai digiri 95 ƙasa da sifiri, don haka yana buƙatar sanyi mai ɗorewa. Kulorofom yana daskarewa a kusan 63 ƙasa da sifiri. DMSO yana daskarewa tun a digiri 18 zuwa 19 sama da sifiri, abin sha'awa, amma sai ya kai 189 yake tafasa, ma'ana yana son zama cikin shimfiɗin ya ƙi fita.

Kafin ka ɓata ruwan naitirojin, yi wannan gwaji na rabin sa'a: auna shan haske na ruwan zalla, sannan na haɗinka, a siririn mazubin kwaz, ka duba daidai zangon lezarka. Idan ruwan zalla ya riga ya shanye hasken, kana kan hanya. Idan sai da ka sa folimar shan ya bayyana, folimar ce za ta sha dukan, daskararwar kuma ba za ta kare ta ba.

Nan ne furotin ke da wuya. Ruwa ne mazauninsa, ruwa kuma kusan ba ya shan 248, 266 ko 355. Shi kuwa furotin yana shan haske a kusa da 280, kuma ɗaurin da ke haɗa tubalansa yana sha sosai ƙasa da 220. Saboda haka 266 da 193 duk suna da haɗari gare shi. Masu bincike a Risø ta Denmark sun shimfiɗa furotin ɗin laisozayim daga ƙanƙarar ruwa da haske mai 355 kuma ya ci gaba da aikinsa, domin furotin ɗin ba ya shan wannan zango sosai. Wata mafitar ita ce barin altarabayolet baki ɗaya. Lezar Er:YAG mai nanomita 2,940 ta dace da girgizar ɗaurin oksijin da haidirojin na ruwa, fotonta kuma bai kai rabin eV ba, ba zai tsinke komai shi kaɗai ba. Ƙungiyar Adrienne Stiff-Roberts a Jami'ar Duke ta bi wannan hanya, tana daskarar da folimar da ke ɗaukar lantarki cikin gaurayen ruwa da mai narkarwa. Ga irin su P3HT, waɗanda amfaninsu ya dogara da jerin ɗauri mai ninki biyu, wannan ya fi aminci.

Tambaya, daga wata mai aikin na'urorin sansano iskar gas: Sinadarin ya iso lafiya, amma fuskar shimfiɗin cike take da ƙuraje. Wasu suna kama da balan-balan da ta sace. Na zaci MAPLE tana ajiye ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya?

Amsa: Haka aka zata da farko, Malama, kuma har yanzu wasu zane-zane suna nuna hakan. A 2007 Leveugle da Zhigilei na Jami'ar Virginia suka kwaikwayi aikin a kwamfuta, suka nuna cewa doguwar sarƙa ba ta tashi ita kaɗai. Leza tana zafafa saman ƙanƙarar fiye da inda zai tafasa cikin ƙiftawar ido, sai ya fashe ya zama gaurayen tururi da ɗigo, folimar kuma tana tafiya ne a cikin ɗigon. A hanya ruwan yana fita daga bayan ɗigon, folimar ta taru ta yi fata. Idan ya sauka kan faranti mai ɗumin ɗaki, ruwan da ya rage ciki ya tashi ya kumbura fatar, ya fice, fatar ta zube. Balan-balan ɗin da kika gani ke nan.

Duba da madubin ƙara girma ki rarrabe. Masu siffar balan-balan ko zare suna nuna folima ta yi yawa a haɗin, sarƙoƙi sun cuɗe da juna. Sauko daga kashi 1 zuwa 0.5, ko ma 0.1. Aikin zai daɗe, amma fuskar za ta yi kyau. Manyan dunƙule masu kaifin baki, waɗanda suka wuce maikuromita kaɗan, ɓarɓashin ƙanƙara ne: ko dai ƙarfi ya yi yawa, ko akwai kumfa, ko leza ta tona rami har gefensa yana ɓallewa. Ƙananan zobba kamar tabon ruwan sama kuma yawanci raɓa ce da ba a share ba.

Bayan rage yawan folima da ƙarfin bugu, ƙara tazarar faranti da santimita ɗaya ko biyu, kina sane cewa saurin taruwa zai faɗi, domin yana raguwa kusan daidai da murabba'in tazarar. Ɗumama faranti zuwa kusa da inda folimar ke laushi yana barin ɗigon ya baje. Ga PMMA wannan wuri kusan digiri 105 ne. Ga furotin kuwa kada ki ɗumama. Ana iya kuma ajiye shimfiɗin cikin rufaffen mazubi da ɗan tururin ruwan narkarwa na 'yan mintuna ya lafa.

Kafin ki kashe wata guda kina neman santsi, tambayi kanki ko aikinki yana buƙatarsa. Na'urar sansano gas takan amfana da fuska mai gargada, tunda tana ƙara wurin da gas zai taɓa. A 2012 ƙungiyar Rodney Priestley a Princeton ta ba da rahoton PMMA da aka shimfiɗa da MAPLE wanda ya ginu da ƙananan dunƙule, nauyinsa a ma'auni ɗaya ya gaza na saba da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma sai da zafi ya ƙaru da kusan digiri 40 kafin ya yi laushi. Waɗannan ɗigon da ke damun ki su ne suka haifar da hakan.

Tambaya, daga wani ɗalibi: Ina yin bugu 6,000 kowane lokaci, ban sauya komai ba, amma kauri yana raguwa mako bayan mako.

Amsa: Ɗalibi, leƙa tagar da haske ke shiga. Kusan tabbas ta yi hazo daga ciki, domin feshin yana kaiwa can ma, altarabayolet kuma yana gasa shi ya zama launin ƙasa-ƙasa. Lambar da ke allon leza ba ita ce ke isa ƙanƙara ba. Auna ƙarfin a cikin tukunya, bayan taga, kafin kowane aiki. Auna faɗin tabon kuma a daidai inda fuskar ƙanƙara take da karkatarta, da takardar da haske ke yi wa tabo. Milijul 20 a kan tabo mai milimita 2 da 5, wato murabba'in santimita 0.1, shi ne jul 0.2. Idan taga ta cinye kashi ɗaya cikin huɗu, ka koma 0.15, kuma a kusa da ƙarfin da feshi ke farawa wannan ragi yana iya zaftare yawancin abin da ke tashi. Gas ɗin lezar eksima shi ma yana tsufa, siffar hasken tana sauyawa.

Don ganin kauri yayin da yake taruwa, sa ƙwayar kwaz mai girgiza kusa da faranti. Mai girgiza miliyan 5 a sakan tana sauka da hez ɗaya ga kowane nanogiram 17.7 a murabba'in santimita, don haka nanomita ɗaya na PMMA kusan hez 6.7 ne. Sai dai tana auna har da ruwan da bai fita ba. Jira ta daidaita bayan an kashe leza, sannan ka tabbatar da lambar ta hanyar karce shimfiɗin da auna zurfin karcen.

Tambaya, daga wani malamin jami'a: Ɗalibina ya kawo mini sakamakon FTIR, wato gwajin yadda sinadari ke shan hasken infrared, da ya yi daidai da na asalin folimar, ya ce ta tsira. Wannan ya wadatar?

Amsa: Bai wadatar ba, Malam, kuma muna so a yi ta nanata wannan ga ɗalibai. FTIR yana ganin ƙananan rukunoni ne: a jadawalin sakamakon, tsinin da ke kusa da lamba 1730 a PMMA, ko wanda ke kusa da 1100 a PEG. Sarƙa mai tubali 1,000 da aka yanka gida goma za ta nuna kusan tsini iri ɗaya. Yana da amfani wajen kama babbar ɓarna, kamar sabon tsinin kabonil a folimar da ba ta da shi, ko ragowar ruwan narkarwa. A yi shi a kan silikon da aka goge fuska biyu, a kwatanta da shimfiɗin da aka ɗiga daga haɗi ɗaya aka bari ya bushe.

Tsawon sarƙa sai da gwajin da ke auna nauyinta: GPC, ko MALDI ga gajerun sarƙoƙi da furotin. Matsalar ita ce ƙarancin kaya: shimfiɗi mai nanomita 100 a kan murabba'in santimita 4 bai kai miligiram 0.05 ba. Dole a yi shimfiɗi mai kauri a faranti da yawa, a wanke su cikin ɗan ruwa kaɗan a tara. A auna abin da ya rage a kofi ma bayan ya narke. Idan shi ma ya gajarce, hasken yana ratsa ƙanƙarar yana ɓarna a ƙasa. Bayan haka a gwada aikin da aka yi shimfiɗin dominsa. Enzayim ya narkar da abin da ya saba narkarwa, folima mai haske ta haskaka a launinta na asali. Idan launin ya karkata zuwa shuɗi, jerin ɗaurin ya gajarce.

Tambaya: Duk wannan wahala, me ya hana a ɗiga ruwan a kan faranti mai juyawa a huta?

Amsa: Idan shimfiɗi ɗaya ake so a kan faranti mai santsi, a yi hakan, ya fi arha, sauri da santsi. Ƙananan ƙwayoyi irin su fentasin kuma a tashe su da zafi a tukunya marar iska. Leza tana da gurbi ne inda waɗannan suka gaza: hawa biyu ko uku na folimar da ruwa ɗaya ke narkarwa, inda zuba na biyu zai wanke na farko, abu mai lanƙwasa ko ramuka, ko wanda ruwa ba ya kamawa, zane ta cikin faifai mai huda, da kaurin da ake so a tsayar a nanomita 20 daidai a kan ƙaramar na'ura.

Tambaya, daga wata mai kula da lafiyar ma'aikata: Waɗanne haɗurra zan sa a takardar ƙa'idojin ɗakin?

Amsa: Hajiya, fara da hasken. Waɗannan lezoji na aji na 4 ne, ido ba ya ganin haskensu, kuma ko wanda ya fantsamo daga ƙarfe yana ƙona ido da fatar jiki. Tabarau ya zama wanda aka rubuta zangon lezar a jikinsa. Wanda ke kare 248 ba lalle ya kare 355 ba, Nd:YAG kuma takan zubo da ragowar 532 da 1064 tare da 266. A rufe hanyar hasken da bututu, a cire agogo da zobe lokacin saiti. Haske mai 193 yana mayar da oksijin ozon, don haka a cika bututun da naitirojin. Lezar KrF da ArF suna aiki da gas mai fulorin: kwalabar ta zauna a akwati mai zuƙe iska, da matatar da ke kama fulorin a bututun fitarwa.

Ruwan naitirojin lita ɗaya yana zama gas kusan lita 700, ba wari ba launi, don haka ƙaramin ɗaki yana buƙatar ƙararrawar ƙarancin oksijin. Kada a toshe layin sanyi ta ɓangarorin biyu, zai fashe. Kada a bar famfo yana jan iskar ɗaki ta cikin tarkon sanyi: oksijin yana zama ruwa a digiri 183 ƙasa da sifiri, kuma haɗuwarsa da daskararren toluwin abin fashewa ne. Duk wanda ya ga ruwa mai shuɗi-shuɗi a tarko, kada ya rufe shi kuma kada ya ɗumama shi da sauri. Ya bar hanyar fitar gas a buɗe, ya ja baya, ya kira mai kula da ɗakin. Bututun fitar famfo ya nufi mazuƙar hayaƙi, tarkon kuma a narkar da shi a can a ƙarshen kowace rana, a zuba abin da ya taru a kwalabar sharar sinadarai, ta masu kulorin daban da ta sauran.